Ganuwa da Turken Safiyo: Tarihin Zama da Iyakokin Filaye a Garin Bauchi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba yadda tarihin kafuwar garin Bauchi ya shata iyakokin gidaje da gonaki tun kafin zuwan ma'aikatan safiyo. Abin da ake son nunawa shi ne, kalmar iyaka ɗaya ce a bakin jama'a, amma abin da take nufi a cikin ganuwa daban yake da abin da take nufi a bayanta.

2.0 Cikin Ganuwa

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya baro Inkil ya kafa garin Bauchi a wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa. Wasu ƙofofin sun ɗauki sunan garuruwan da suke fuskanta, kamar Inkil da Tirwun da Dumi da Wase. Wasu unguwannin kuwa, irin su Jahun da Unguwar Barno, asalin mazaunansu suke nunawa. Ke nan jama'a ce ta fara sauka, sannan iyaka ta biyo baya.

Sarki ke ba da wurin zama ta hannun mai unguwa. Wanda ya share jeji ya raya shi, ya sami haƙƙi a kansa, ƙa'idar da Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya yi bayaninta a littafinsa Ta'alimur Radi. Alamun iyaka a nan su ne katanga da darni da indararo, a gona kuwa kunya ko layin gamba ko wata tsohuwar kuka. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Ainihin hujja ita ce shaidar maƙwabta da dattawa. Sannan rabon gado bisa mazhabar Malikiyya ya yi ta tsaga gida ɗaya, zuriya bayan zuriya, har aka sami ɗakin da ba a isa gare shi sai ta zauren wani. Lungunan da baƙo ke gani kamar rashin tsari, tarihin dangantaka ne a shimfiɗe. Ma'aunin ƙasa idan ya shiga nan ba shata iyaka yake yi ba, rubuta wadda ya tarar yake yi, in har magada sun yarda da ita.

3.0 Bayan Ganuwa

Turawa sun ci Bauchi a 1902. Dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ta 1962 ta ci gaba a kan wannan turba. A unguwar Turawa da sauran sababbin unguwanni sai al'amari ya juya: taswira ake fara zanawa, a kafa turakun siminti, sannan mutane su tare. Daga nan kalmomin fuloti da safiyo da eka suka zauna a Hausa. Abin lura, fuloti bai kori fili ko kango ba, domin yana ɗauke da ma'anar da ba su da ita, wato wurin da aka auna, aka ba lamba.

Inda rigima ta fi tsanani shi ne tsakanin waɗannan tsare-tsare biyu. Bayan Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976, gari ya bunƙasa ya tarar da gonakin Tirwun da Inkil da Miri da Birshi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Gwamna ikon ayyana yankin birni, ta kuma taƙaita abin da mutum zai ci gaba da riƙewa na filin da ba a raya ba a cikin birni zuwa rabin hekta. Gonar da aka huta da nomanta, wadda manomi ke kira saura, a idon takarda tana iya zama filin da ba a raya ba. Haka kuma aro da jingina, waɗanda a baki ake ƙulla su, ba su da gurbi a taswira. Wanda kakansa ya karɓi aron gona shi ma'auni zai tarar a ciki, kuma sau da yawa sunansa ne zai hau takardar diyya, jikokin mai gonar kuwa sai su nufi gaban alƙali da shaidun da suka rage a raye.