Leave No Trace

Leave No Trace tsari ne na ƙa'idoji da aka shimfiɗa wa masu tafiya a ƙafa da masu kwana a tanti cikin dazuzzuka da tsaunukan da ke nesa da gari. Ma'anar sunan ita ce "kada ka bar alama". Kalmar trace a Ingilishi ta ƙunshi sawun ƙafa da kuma duk wani ɓurɓushi da aka bari a baya, don haka abin da ake nufi ya wuce kwashe shara kawai. Tsarin ya samo asali ne daga Amurka, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta mai wannan suna, wadda aka kafa a 1994 da hedikwata a Boulder ta jihar Kolorado, ita ke kula da shi.

Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yawan masu shiga gandayen dajin Amurka ya ƙaru sosai. Kayan tafiya sun yi sauƙi: tantin nailan, jakar goyo, da ƙaramin risho da mutum zai iya goyawa ya yi kwanaki a daji. A 1964 aka yi dokar kare keɓaɓɓun dazuzzuka, wadda ta hana gina hanyoyi da shigar da ababen hawa masu inji a yankunan da ta ware. A irin waɗannan wurare babu motar shara, ma'aikatan gandun kuma ba su kai yawan da za su sa ido a kan kowa ba. Sai hukumomi suka karkata ga wayar da kai maimakon dogaro da tara. A 1987 hukumomin tarayya uku masu kula da filaye suka fitar da takardar bayani ta haɗin gwiwa, daga baya hukumar gandun daji ta haɗa kai da makarantar NOLS da ke jihar Wyoming wajen tsara darussa. A 1999 aka tsayar da ƙa'idojin a kan bakwai.

Ƙa'idojin

Ana son matafiyi ya shirya tafiyarsa tun daga gida, ya taka kuma ya kafa tanti a kan ƙasar da ke jure takawa, ya kawar da ƙazantarsa yadda ya dace, ya bar duk abin da ya tarar a inda yake. Sauran ukun sun shafi rage ɓarnar wuta, ƙyale namun daji, da girmama sauran matafiya.

A kan tsaunuka masu tsawo

Ƙa'idojin sun fi tsanani a saman tsauni, kuma dalilin shi ne sanyi. Akwai tsayin da idan aka wuce shi bishiya ba ta girma, sai gajerun tsirrai masu manne wa ƙasa. Lokacin tohonsu makonni kaɗan ne a shekara, don haka wurin da aka tattake yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Inda akwai turba, ana bin tsakiyarta a jere, ko da akwai taɓo, domin kauce wa taɓon shi ke faɗaɗa hanya. Inda babu turba kuwa, akasin haka ake yi: a warwatsu, a bi ta kan dutse ko tsakuwa ko dusar ƙanƙara, don kada sawu ya hau kan sawu har sabuwar hanya ta fito.

Batun bayan gida ya fi kowanne wahala. A dajin da ke ƙasa, shawarar ita ce a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, aƙalla mita 60 daga ruwa da hanya da zango, a binne. Wannan yana aiki ne saboda ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna ruɓar da najasa. A can sama ƙasar ba ta da kauri, wani wurin ma dutse ne zalla, sanyi kuma yana hana ruɓewa. Abin da aka binne yana nan yadda yake, narkewar ƙanƙara ta wanke shi zuwa ƙoramun da masu zango ke sha. Saboda haka a Dutsen Whitney na Kalifoniya, mai tsayin mita 4,421, dole kowa ya sauko da bayan gidansa cikin leda ta musamman mai garin da ke daskarar da shi. A Denali na Alaska, mai mita 6,190, ana bai wa mahaya wani mazubi mai murfi don wannan aiki. Nepal ma ta bi irin wannan hanya a Everest: a 2014 ta wajabta wa kowane mahayi saukowa da kilo 8 na shara.

Wuta ma haka take. Busasshen itacen da ya faɗi a saman tsauni kaɗan ne, kuma shi ke komawa taki ga ƙasar. A gandun dajin Yosemite an hana hura wutar itace sama da ƙafa 9,600, sai dai a yi girki da risho. A gandun kuma dole mai kwana ya adana abincinsa cikin mazubin da beyar ba ta iya buɗewa. Amfanin wannan doka ya fi komawa ga dabbar, domin beyar da ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ƙarshenta sau da yawa a kashe ta.

Suka

Wasu masana sun ce tsarin ya taƙaita kallonsa ga abin da mutum ke yi a cikin daji, ya manta da ɓarnar da ake yi wajen ƙera kayan tafiyar da man da aka ƙona kafin a isa wurin. Gregory Simon da Peter Alagona sun kawo wannan hujja a wata maƙala a 2009. Wasu kuma na ganin tunanin daji wanda ba ɗan Adam a cikinsa ya yi watsi da 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka zauna a wurare kamar kwarin Yosemite shekaru dubbai, suna farauta, suna ƙona ciyawa da gangan don gyara dajin, kafin a raba su da shi.