Ciwon Diddige: Yadda Aka Daɗe Ana Zargin Ƙashin da Ba Shi da Laifi

Wanda ciwon diddige ya taɓa kamawa ya san alamarsa. Ka sauko daga gado da asuba, ka ɗora ƙafa a ƙasa, sai ka ji kamar ka taka ƙusa. Bayan ka ɗan zagaya ya lafa, in ka daɗe a zaune ka miƙe ya dawo. A Ƙauyen Alu ko Gyadi-Gyadi, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake a kusa, ba wuya mutum ya je a ɗauki hoton ƙafar, ya dawo gida da labarin cewa wai ƙashi ne ya tsiro masa a diddige. Daga nan sai fargabar tiyata. To, wannan fargabar tana da tarihi, kuma likitoci ne suka fara faɗawa cikinta.

Ana danganta bayanin farko na ciwon ga wani likita mai suna Wood a 1812, wanda ya ɗora laifin a kan cutar tarin fuka. A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a Jamus, kuma a 1900 wani likitan Jamus, Plettner, ya bayyana wani ɗan tsiro mai kama da ƙaya a ƙasan ƙashin diddige. Ido ya ga abu mai tsini daidai inda ke ciwo, wa zai yi musu? A farkon ƙarni na 20 wasu likitoci a Amurka da Turai suka ce ciwon sanyi ne ke haifar da ƙayar, aka riƙa yanka diddige ana kankare ta. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a nan, domin wasu cututtukan saduwa kan jawo ciwon gaɓoɓi da ke taɓa diddige, amma waɗannan kaɗan ne cikin masu fama. Mu ma a nan “sanyi” muke ɗora wa kusan kowane ciwon gaɓa.

Abin da ya rushe wannan fahimta shi ne hoton da kansa. Da aka yawaita ɗauka, sai aka ga mutane da yawa na da ƙayar amma ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma na ɗingishi alhali ƙashinsu sumul yake. Ƙayar ma a kwance take tana kallon yatsu, ba ƙasa take soka ba.

A 1954 J. H. Hicks na Ingila ya bayyana aikin wata faffaɗar jijiya da ta tashi daga diddige zuwa gindin yatsu. Ka ɗauki lanƙwasar tafin ƙafa a matsayin baka, jijiyar ita ce tsirkiya. Duk sanda ka ɗaga diddige za ka yi taku, babban yatsa ya tanƙwaru sama, tsirkiyar ta ɗaure tamau. Inda ta manne da ƙashi nan ne wahalar ke taruwa. Shi ya sa ciwon ya fi kama masu wuni a tsaye a kan siminti, irin su malaman makaranta, ma'aikatan jinya da masu shayi, da masu ƙiba, da waɗanda agararsu ta ɗaure, da wanda ya fara gudu bagatatan. Da dare kuma ƙafa na saki, jijiyar ta tsuke, takun farko ya fizge ta.

Sunan da likitoci suka ba ciwon, filanta fashiyaitis, yana nufin kumburin jijiyar. Amma a 2003 Harvey Lemont da abokan aikinsa a Amurka suka duba naman da aka yanko daga ƙafafu 50, suka tarar da zaren jijiyar ya saɓule ya lalace, ba alamar kumburi. Sunan dai ya zauna, amma magani ya karkata daga kashe kumburi zuwa miƙar da jijiyar da ƙarfafa ta.

A wannan shekarar Benedict DiGiovanni ya gwada wata miƙa mai sauƙi: ka zauna, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar, ka ja yatsun baya har ka ji tafin ya ɗaure, ka riƙe daƙiƙa 10, sau 10, sau uku a rana, na farko tun kafin ka taka ƙasa da safe. Bayan mako takwas ta fi miƙar agara kaɗai amfani. Daga baya Michael Rathleff a Denmak ya gwada ɗage diddige a hankali a bakin matakala, da naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin yatsu, rana ɗaya a tsallake ɗaya. Masu yi sun fi samun sauƙi a wata uku, ko da yake da shekara ta cika bambancin ya ɓace. Dakalin ƙofar gida ma ya isa.

Sauran duk sananne ne: takalmi mai taushin diddige maimakon silifas da ya suɗe, daina yawo ba takalmi a kan tayil, murza tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai sanyi, rage nauyi. Mafi yawan mutane na warkewa cikin shekara guda ba tare da wuƙa ba. Allurar sitiroyid tana kawo sauƙi na 'yan makonni, amma maimaita ta na iya tsinka jijiyar ko ya narkar da kitsen da ke kare diddige, don haka a ganina bai kamata a fara da ita ba. Diclofenac da ake saye a kemis kuwa, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya yi hattara.

Mai ciwon suga fa kada ya yarda da sakiya, tsaga ko gashi da ruwan zafi a ƙafa, domin miki a nan ba ya warkewa da wuri. In kuma ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, zazzaɓi, ko duka diddigen biyu tare da ciwon baya, ko an yi watanni ana miƙa ba canji, sai a nemi likita ko sashen gashin ƙashi na Asibitin Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala.