Dutse da Mafarin Ruwa: Ziyarar Bauta Daga Himalaya Zuwa Dala da Zuma

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Garki ya ɗaga kai zai hangi Dutsen Aso, in kuma ya kama hanyar Kaduna, Dutsen Zuma zai tare masa ido a kusa da Madalla. Mu a yau kallon ado muke yi musu, har an buga hoton Zuma a jikin takardar naira 100 a 1999. Amma ga mutanen dauri, irin waɗannan wurare mazaunin iskoki ne, ba a tunkararsu sai da hadaya. Wannan maƙala za ta waiwayi wannan al'ada a ƙasar Indiya da kuma ƙasarmu, domin mu ga abin da ya salwanta bayan gushewarta.

Ziyarar Mabiya Hindu

A jihar Uttarakhand ta arewacin Indiya, cikin tsaunukan Himalaya, akwai wuraren bauta huɗu da mabiya addinin Hindu ke ziyarta: Yamunotri da Gangotri da Kedarnath da Badrinath. Biyun farko suna kusa da mafarin kogunan Yamuna da Ganga, waɗanda suke ɗauka a matsayin alloli mata. Kedarnath kuwa yana bisa tudun da ya haura mita 3,500, kuma ƙanƙara kan sa a rufe shi kimanin wata shida a shekara. Masu ziyara kan ɗebi ruwan Ganga su kai gida don neman tubarraki. A wurinsu wahalar hawan kanta ibada ce. Ko ambaliyar watan Yuni na 2013, wadda ta hallaka dubban mutane a yankin Kedarnath, ba ta yanke ziyarar ba.

Dala da Kurmin Jakara

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Barbushe yana zaune bisa Dutsen Dala, ba ya saukowa sai ranakun biki. Idan lokacin ya yi, jama'a kan taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, wasu da baƙin kare, wasu da baƙar kaza, wasu da baƙin bunsuru. Shi kaɗai ke shiga ɗakin Tsumburbura, sa'an nan ya fito ya shaida musu abin da shekara za ta zo da shi. Haka zalika akwai kurmin Jakara mai baƙin ruwa, inda ake yanka idan an ga alamar masifa. Ashe dutse da ruwa sun haɗu a Kano kamar yadda suka haɗu a Himalaya.

Sarki Tsamiya (1307–1343) ya rushe wurin bautar, kana a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo da Musulunci, aka gina masallaci. Daga baya Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta gaji sunan kurmin.

Dutsen Zuma

A nan ƙasar Abuja, al'adar ta daɗe fiye da haka. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, a tarihin Abuja da suka rubuta, sun bayyana cewa wani kurmi mai duhu ya kewaye gindin Zuma, a cikinsa kuma akwai ƙauyen Koro masu kula da tsafin dutsen, wanda baƙo ba ya kusanta. Bayan da Abu Ja, ƙanen Makau Sarkin Zazzau na Haɓe, ya kafa garin Abuja a 1828, sarakunan garin kan aika musu da baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare. Kamannin wannan hadaya da ta Dala abin lura ne ga ɗalibin tarihi.

Da aka kafa Birnin Tarayya a 1976, tsohon garin ya saki sunansa ya koma Suleja. Gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. An tashi ƙauyukan Gbagyi da dama, Garki ta koma unguwar ofisoshi, Dutsen Aso kuwa sunansa ya zama laƙabin fadar shugaban ƙasa.

Kammalawa

Ba kira muke yi a koma ga tsafi ba. Allah ya raba mu da wannan. Abin da muke son nunawa shi ne, tsoron iskoki ne ya hana gatari shiga kurmi, ya hana ƙazanta shiga ruwa. Da tsoron ya kau, ba mu sa wani mai gadi a gurbinsa ba. Jakara ta zama magudanar dattin birni, gidaje sun matse gindin Dala, dattawan da suka san labarin Zuma da Aso kuwa suna ta ƙarewa. Indiyawa sun adana labarin duwatsunsu cikin littattafai, namu mafi yawansa a baka yake. Masu iya magana kan ce, da tsohuwar zuma ake magani. Wajibi ne mu ɗalibai da malamai mu shiga ƙauyukan Gbagyi da Koro da alƙalami da rakoda, tun kafin ƙasa ta rufe idon waɗanda suka sani.