Biranen Ƙage da Birnin Katsina: Abin da Muke So da Abin da Ba Mu So

Duk wanda ya ratsa wajen masu sayar da littattafai a Babbar Kasuwar Katsina ya san irin littattafan da samari suka fi rububi bayan na soyayya, wato littattafan yaƙi. Sadauki ne riƙe da takobi a bango, ga aljani ya tsaya masa a baya, birnin kuwa in ba Misra ba to Farisa, ko wani suna da aka ƙaga mai amon Larabci. Ba sabon abu ba ne. Tun ranar da aka fara rubuta ƙagaggen labari da boko, marubutanmu suke aron al'ummar da ta taɓa rayuwa su sake mata suna, su zuba mata aljanu. Kuma Katsina ce ta raini da yawa daga cikin waɗanda suka fara.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubutu. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, biyu na 'yan gida ɗaya ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Malam Bello ya fara da tarihi tsantsa, zuwan Turawa Bida da Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, sannan ya ɗauki gwarzonsa ya cilla shi ƙasashen gabas cikin aljanu. A nan muka fara koyon darasi. Kashin farko, inda marubucin ya san ƙasar da mutanenta, har ƙurar dawaki mai karatu yake shaƙa. Da aka isa ƙasar aljanu sai labarin ya koma sara da suka kawai.

Imam shi ya fi kowa gane bakin zaren. A Magana Jari Ce, wadda aka fara bugawa a 1937, an ce mana a wata ƙasa ta gabas ake, amma fadar Sarki Abdurrahman fadar Hausa ce sak: ga waziri mai ƙulla makirci, ga fadawa, ga dogarai, ga gaisuwa irin tamu. Labaran ya tsinto su daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, ya yi musu wankan tsarki har ba a gane baƙi ne. Haka Ahmadu Ingawa ya yi a farkon shekarun 1950 da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa gwarzon Rasha ne, Ilya Muromets. Birnin Kib shi ne Kiyef, Sarki Waldima kuwa Baladimir ne. Ɗalibanmu kan yi mamaki idan muka gaya musu haka, don sun ɗauka Iliya ɗan wani ƙauye ne a bayan Ingawa. Wannan shi ne aron da muke so: wanda aka yi da sani, aka ɗinke shi daidai jikin mai sawa.

To, sai abin da ba mu so, kuma ya fi yawa.

Na farko, birnin da ba shi da kasuwa. Za ka karanta littafi kashi huɗu, an hallaka dakaru dubu bisa dubu, amma ba a gaya maka wa ya noma geron da dawakin nan suka ci ba, ko wane maƙeri ya ƙera masu. Alhali birni na gaske a kan ciniki yake tsayuwa. Katsina ta ƙarni na 17 da na 18 ta ƙasaita ne don nan ayarin hamada yake sauke kaya. Azbinawa su kawo gishirin Bilma, Larabawan Gadamus su zo da alharini da takarda da murjani, fatake su taso da goro tun daga Gwanja, a biya da wuri. Kowane ayari da madugunsa, kowane baƙo da fatomansa da dillalinsa. Malamai ma hanyar fatauci ta jawo kakanninsu, har aka sami irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, waɗanda unguwannin Masanawa da Marina suke tuna mana da su har yau. Da Heinrich Barth ya iso a 1851 ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 zuwa 14, amma mutanen cikinta ba su wuce dubu 7 ko 8 ba a ƙiyasinsa, domin yaƙin da ya biyo bayan jihadi ya kori ciniki zuwa Kano. Jama'a, ina labarin da ya fi wannan? Birni ya rame ba don tsafin boka ba, sai don raƙuma sun sauya hanya.

Na biyu, sarkin da ba mai ce masa a'a. A littattafan yaƙi sarki yakan ɗaga yatsa a fille kawuna ɗari. Sarautar Katsina ba haka take ba. Akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, masu zaɓen sarki, kuma da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin wajen 1807, zuriyar Korau da suka koma Maraɗi sun tafi da wannan tsari, da Iya mai faɗa a ji cikin mata da 'yan bori. Marubucin da ya san haka yana da rigima iri goma a hannunsa kafin a zare takobi ɗaya. Ko labarin kokawar Korau da Sanau, da wuƙar nan Gajere, ai ya ishi mai basira littafi guda.

Na uku shi ya fi ci mana rai. A galibin littattafan nan akwai wasu mutane da ake kira arna ko matsafa, ba su da suna, ba su da uwa ba su da gona, an halicce su ne don sadauki ya karkashe. Mun san zafin wannan sarai, domin an yi mana. Rider Haggard ya ƙagi ƙasar Kukuwana a 1885 cikin King Solomon's Mines, ya gina ta a kan Zulu da danginsu, da mugun sarki da tsohuwa matsafiya, sai Turawa uku suka zo suka gyara musu sarauta. Da yawanmu an karantar da mu shi a sakandare. Ko Tolkien, da ya ƙawata mahayan Rohan da harshe da waƙoƙin Ingilishin dauri, da ya zo kan mutanen kudu masu giwaye sai ya bar su rundunar maƙiya kurum. In mun ji haushin wannan, me zai sa mu yi wa Maguzawa haka, mutanen da muke ciniki da su a kasuwannin ƙauye, masu dangi da sana'a da dokokin aure nasu? Ganɗoki kansa bai tsira daga wannan ba, duk da girman da muke ba shi.

Akwai kuma batun bayi. Masu ƙaga fada suna son kuyangi da barori don ado, ba sa tambayar daga wane gari aka kamo su. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma Kwalejin Katsina ya yi, ya tambaya a Shaihu Umar, cikin gasar 1933 ɗin nan dai, ya bi yaro da mahaifiyarsa har ƙetaren hamada. Ba aljani ko ɗaya a littafin, amma ya fi mana littattafan aljanu da yawa ban tsoro.

Ba cewa muke a daina zuwa Farisa ba. Mai son zuwa ya je, amma ya karanta tarihinta tukuna, kamar yadda Imam ya karanta abin da ya ara. Wanda kuwa ba shi da halin haka, littafin Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 yana nan tun 1981, hasumiyar Gobarau tana tsaye, kusheyin Durɓi kuma suna nan a ƙasar Mani.