Katangar Tsakani: Yadda Magabatanmu a Sabo Suka Riƙe Ta

A 'yan shekarun nan maganar katanga ta yi yawa a gaban malamai da dattawan unguwa. Wani zai ƙara ɗaki, wani zai ɗora bene, sai maƙwabci ya wayi gari ya ga birkila tsaye a kan katangar da yake ganin tasa ce. Daga nan sai cacar baki, sai gaba, wani lokaci har kotu. To, ƙarin gini ba yau aka fara shi a unguwar nan ba, don haka ya dace mu waiwayi yadda na gaba suka yi.

Kafin a kafa Sabo, Hausawan Badun suna zaune ne a cikin gari, yawanci wajen Oja'ba, tare da Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, sai fataucin goro da shanu ya bunƙasa, baƙi suka yi ta sauka. A 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan fili kusa da Mokola. Fili ne mai iyaka, gari kuma ya zo ya kewaye shi ta kowace fuska. Tun daga ranar jama'a na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaru ba.

Da farko zana ce ke raba gida da gida, daga baya aka koma ginin laka da rufin kwano. Arzikin mai gida a wancan zamani yawan ɗakunansa ne, domin a nan fatake ke sauka, a nan ake ajiye huhunan goro, a nan yaransa da dillalansa ke kwana. Duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya ƙara ɗaki. Da wuri ya matse, sai gidaje biyu suka riƙa haɗa katanga ɗaya, wannan ya jingina ɗakinsa ta nan, wancan ta can.

Me ya hana su rigima? Dattawanmu suna faɗa cewa ba a sa diga a gindin katanga sai an yi sallama da maƙwabci. Mai gini zai tafi da kansa, da goro a hannu, ya ce, "Alhaji, ina so in ƙara ɗaki ta wajenka, ka zo mu duba." A kira magini, a kira mutum biyu ko uku su shaida, a nuna inda ruwa zai zuba, a yi fatiha. In an sami saɓani a je wurin liman, in ya gagara a kai wa Sarkin Hausawa. Da Sabo ta fara Juma'arta a 1952, haɗuwa ta ƙara sauƙi, maganar malamai ta ƙara nauyi.

Malaman nan kuma da hujja suke sulhu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta hijira, wadda muka karanta a zaure da Islamiyya, ta yi bayanin haƙƙin maƙwabtaka. An so mutum ya bar maƙwabcinsa ya kafa itacen rufi a katangarsa, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira cikin Muwaɗɗa, amma a mazhabar Malikiyya alƙali ba ya tilasta shi. Ke nan roƙo ake yi, ba ƙwace ba. An hana buɗe tagar da za ta leƙa gidan wani, da ƙofar da ke kallon ƙofarsa, da haƙa abin da zai cutar da shi ko da a cikin filinka ne. In kuwa biyu suka yi jayayya kan mai katanga, sai a duba ginin wa aka ɗaure ta da shi, a ba shi.

Abubuwa uku suka canza mana lissafi. Na farko bulo da siminti. Katangar laka tana ɗaukar itace da kwano, amma ba za ta ɗauki benen bulo da siminti ba, kuma in aka haƙa fandisho a gindinta cikin ruwan Badun, sai ta zauna. Na biyu Dokar Filaye ta 1978, wadda ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ƙara wa takarda da aikin safiyo ƙarfi a kan shaidar baki. Na uku gado. Waɗanda suka yi yarjejeniyar sun kwanta dama, shaidunsu ma haka, gidan mutum ɗaya ya zama na magada goma sha, wasu a Kano, wasu a Ikko, ba wanda ya san abin da aka ƙulla.

To, me ya rage mana? Mu riƙe na da, mu haɗa da na yanzu. Mai niyyar gini ya sanar da maƙwabci tun kafin ya sauke yashi. Mai ɗora bene ya tayar da nasa bangon a cikin filinsa, ya nemi izinin ofishin tsara gari. Indararo ya zuba a gidan mai shi, ramin masai ya yi nesa da katanga da rijiyar maƙwabci, taga ta yi sama yadda ba za a ga tsakar gidan mutane ba, ai akwai iyali a ciki. In gini ya tsaga katanga, mai ginin ya gyara ba sai an kira shi ba. Duk abin da aka amince a rubuta, shaidu su sa hannu, kowa ya ajiye tasa saboda 'ya'ya. Shi ma maƙwabci kada ya hana don hassada, gobe shi ne mai nema.

Jama'a, mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, fiye da shekara ɗari ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidan da shari'a ta cinye kuɗinsa ƙarshensa sayarwa, kuma ba mu san wanda zai saya ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabtaka, amin.