Yarjejeniyar da Ba a Rubuta Ba: Wani Fim na 1947 da Halin da Ƙasar Mafara Ta Shiga

Masana tarihi sun saba neman labarin al'umma a cikin kundayen hukuma da rahotannin Razdan da bakin dattawa, ba safai sukan waiwayi gidan siliman ba. Alhali kuwa wani lokaci fim guda yakan tona abin da kundi ya rufe, musamman irin al'adar da kowa ya sani amma ba wanda ya taɓa rubutawa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a ɗauki wani fim irin wannan da aka yi a Amurka a 1947, a duba zamanin da ya haife shi, sa'an nan a juyo gida, wato ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda abin da ya nuna yake da ɗan'uwa.

Sunan fim ɗin Gentleman's Agreement, ma'anarsa kuwa ita ce yarjejeniyar dattawa, wadda ba a sa hannu a kanta, ba a kiran shaidu, amma kowa na kiyaye ta. An ɗauko labarin daga littafin Laura Z. Hobson, 'yar wasu Yahudawa da suka yiwo ƙaura daga Rasha. Darryl Zanuck na kamfanin 20th Century Fox ya ɗauki nauyinsa, Elia Kazan ya ba da umarni, aka fara nuna shi a birnin New York a watan Nuwamba 1947. A watan Maris 1948 ya ci lambobin yabo uku na Oscar, ciki har da ta fim mafi kyau na shekara.

Ba a fahimtar nauyin fim ɗin sai an tuna da halin da Amurka take ciki. Shekara biyu ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka kuma da hannunsu suka buɗe sansanonin Dachau da Buchenwald, duniya ta ga yadda gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. Sai dai ƙasar da ta je kashe gobarar maƙwabci ta bar garwashi a ɗakinta. Tun 1920 jaridar attajirin nan mai ƙera motoci, Henry Ford, ta yi shekaru tana aibata Yahudawa. A 1922 shugaban Jami'ar Harvard ya nemi a ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa. Dokar shige da fice ta 1924 ta taƙaita shigowar mutanen gabashin Turai, a 1939 kuma aka ƙi karɓar jirgin ruwan St. Louis mai ɗauke da 'yan gudun hijira sama da 900, ya koma Turai da su. Bayan yaƙi babu dokar da ta hana Bayahude kwana a otal ko aiki a banki. Abin da ke akwai shi ne akawu ya dubi sunan mutum ya ce ɗakuna sun cika.

Labarin fim ɗin bai da wuya. Philip Green, wanda Gregory Peck ya fito a matsayinsa, ɗan jarida ne Kirista da matarsa ta rasu ta bar masa ɗa guda. Wata mujalla a New York ta ɗora masa rubutu a kan ƙin jinin Yahudawa. Da ya ga alƙaluma ba za su motsa kowa ba, sai ya yanke shawarar ya ce shi Bayahude ne na 'yan makonni, tun da baƙo ne a birnin. Bai sake tufa ba, bai sake magana ba, suna kurum ya sauya. Nan da nan mai gadin gidan da yake haya ya nuna rashin jin daɗin ganin sunan Greenberg a akwatin wasiƙu. Likitan da ke duba mahaifiyarsa ya yi shaguɓe a kan wani likita Bayahude. Sakatariyarsa ta faɗa masa a asirce cewa ita ma Bayahudiya ce: ta aika da takardar neman aiki da sunanta na yanka aka ƙi ta, ta sake aikawa da sunan aro aka ɗauke ta, a wannan mujallar da ke taƙama da yaƙi da wariya. Wani otal na masu hali ya juya shi daga bakin kanta cikin ladabi, ba tare da an furta dalili ba.

Amma inda fim ɗin ya yi zurfi shi ne wajen Kathy, matar da Green zai aura. Mace ce mai ilmi, mai tausayi, ita ce ma ta fara kawo shawarar a yi rubutun. Ranar da yara suka zagi ɗan Green a makaranta suka kira shi ƙazamin Bayahude, yaron ya dawo yana kuka, Kathy ta rungume shi tana lallashi, ta ce masa ai ba gaskiya ba ne, shi ba Bayahude ba ne. Ba ta ce zagin ne mummuna ba, ta ce an yi kuskuren wanda aka zaga. Haka nan tana da gida da ba kowa a ciki a garin Darien, ga kuma Dave Goldman, aminin Green, Bayahude, hafsan soja da ya dawo daga fagen fama ya rasa inda zai ajiye iyalinsa, amma ta kasa ba shi haya don gudun bakin maƙwabta. Daga baya ta ba Dave labarin wani mutum da ya yi mugun barkwanci a kan Yahudawa wurin liyafa, ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai. Dave ya tambaye ta abin da ta yi. Ba ta yi kome ba, ita da sauran mutanen kirkin da ke zaune.

Ba a rasa abin sukar fim ɗin ba, kuma sukar na da tushe. Ya nuna wahalar Bayahude ta bakin wanda ba Bayahude ba, wanda ke iya tuɓe sunan ran da ya ga dama. Bai nuna talaka ba, bai taɓo baƙar fata ba, alhali tasu wariyar a jihohin kudu doka ce rubutacciya, sai a 1964 aka soke ta a wuraren jama'a. Waɗanda suka yi fim ɗin kuma ba su wanye lafiya ba. Kwamitin majalisar wakilai mai farautar 'yan gurguzu ya kira John Garfield, wanda ya fito a Dave, a 1951, ya ƙi ambaton sunan kowa, aka daina ba shi aiki, ya mutu a 1952 yana da shekara 39. A wannan shekarar Kazan ya ba kwamitin sunayen abokansa takwas.

Mai sauraro a nan ƙasar zai iya cewa, ina ruwan Bazamfare da kukan Bayahude, ga abin da ke faruwa a Falasɗinu? Tambayar na da wurinta, don kuwa a cikin watan da aka fara nuna fim ɗin, ran 29 ga Nuwamba 1947, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da raba Falasɗinu. Amma hukunta gwamnati a kan aikinta daban, hukunta jariri a kan sunan kakansa daban, fim ɗin kuwa a kan na biyun yake magana. Hasali ma Bahaushe na kiran maƙetaci ko marowaci Bayahude, ko da bai taɓa haɗa ido da Bayahude ba.

Ƙasar Hausa na da nata yarjejeniyoyin. Dokar 1936 ta kawo ƙarshen bauta a Arewa, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko yanayin haihuwa. Duk da haka idan aka zo binciken aure aka tarar manemi jikan bawa ne, ko ɗan mahauta, ba a faɗa masa. Sai a ce an riga an yi wa yarinya miji. Ma'aikatan ƙananan hukumomi ma sun san yadda takardar shaidar asali ke saurin fitowa ga wani, ta maƙale ga wanda aka haifa a gari ɗaya da shi.

Mafi tsananin misali shi ne na Bafulatanin daji. Manomi da makiyayi sun daɗe suna cuɗanya a kwarin Gulbin Sakkwato, ana musayar nono da hatsi, ana ba da kiwo amana, shanu na kwana a gona bayan kaka don taki. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta haɗiye gonaki da fadamu, ta tashi garuruwa a ƙasar Maradun, rikicin diyya kuma ya kai ga 'yan sanda suka harbe manoma a watan Afrilu 1980. Ƙasa ta yi ƙaranci, gonaki suka shiga burtali. Daga wajen 2011 satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane. Ta'asar 'yan bindiga ba abin musu ba ce: a 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, an afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, an ɗauke ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. To amma tun farkon fitinar, 'yan sa-kai sukan kama Bafulatani a tsakiyar kasuwa, hujjarsu sanda da malafa da karin harshe, su kashe shi ba alƙali ba shaida. Masu kisan kaɗan ne. Masu yawa su ne 'yan kasuwar da suka san mutumin, suka san ubansa, suka sunkuyar da kai, watakila da daddare suka faɗa wa iyalinsu cewa abin bai yi musu daɗi ba. A rugage ma haka, dattijon da ya ga ɗan ƙaninsa ya shigo da shanun da ba nasa ba ya yi kurum. Tsoro na da hannu a cikin shirun ɓangarorin biyu, wanda ba a iya cewa haka game da Kathy, amma kafin bindiga ta yawaita kunya ce da gudun bakin mutane suka fara ɗaure harsuna.

Dr. Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a laccar da ya gabatar a 2021, ya nuna yadda irin wannan kisa ya zama hujjar da shugabannin 'yan bindiga ke jawo matasa da ita. Da gwamnatin Bello Matawalle, mutumin Maradun, ta shiga sulhu a 2019, cikin abubuwan da aka daidaita a kai har da barin Fulani su ci kasuwa lafiya, abin da babu dokar da ta taɓa hana su. Sulhun bai ɗore ba. A watan Satumba 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na jihar, aka kuma yanke layukan waya.