Ella Enchanted

Ella Enchanted littafin ƙagaggen labari ne na matasa da marubuciyar Amurka Gail Carson Levine ta wallafa a shekarar 1997. Tatsuniyar Sindarela ce marubuciyar ta sake saƙawa, kuma shi ne littafinta na farko da aka buga.

Tun ranar haihuwar Ella wata aljana mai suna Lucinda ta ba ta "kyautar" biyayya: duk wanda ya ba ta umarni, dole ta bi, ko da zai cutar da ita. Kyautar ta zama masifa, musamman bayan rasuwar mahaifiyarta, lokacin da matar ubanta da 'ya'yanta suka gano sirrin. A nan Levine ta amsa wata tsohuwar tambaya: me ya sa Sindarela ke jure wulaƙanci ba ta ce uffan? Ella kam tana da baki da wayo, kuma ita da kanta ta karya asirin, ranar da ta bijire wa umarnin auren Yarima Char don kada maƙiya su yi amfani da ita su halaka shi.

Littafin ya samu karramawar Newbery a 1998. A 2004 aka yi fim ɗinsa da Anne Hathaway, sai dai fim ɗin ya kauce wa littafin sosai.